Wa Ya Biya Kuɗin Ahmed Musa?

Ga lissafi biyu da suka ƙi jituwa. A watan Yulin 2016, Leicester City, wadda ba ta jima da ɗaga kofin Firimiyar Ingila ba, ta biya CSKA ta Mosko kimanin fam miliyan 16 da dubu 600 don ta ɗauki Ahmed Musa. Har zuwa ranar, ƙungiyar ba ta taɓa zuba kuɗi haka a kan ɗan wasa ɗaya ba. Shekara biyar ba ta cika ba, a watan Afrilun 2021, sai ga shi a Kano sanye da rigar Pillars, yana ɗan shekara 28, yana kyaftin ɗin Super Eagles, lafiyarsa ƙalau. Kuma duk faɗin duniya babu ƙungiyar da aka tura wa ko kwabo.

Duk mai zama a gidajen kallon ƙwallo na Gusau, daga Tudun Wada zuwa Sabon Gari, ya san yadda irin wannan labari yake raba majalisa gida uku. Wasu su ce ai ƙafarsa ce ta mutu, shi ya sa aka sallame shi. Wasu su ce an biya a ɓoye, don ba a ɗaukar irin wannan ɗan wasa da fatar baki. Wasu kuma su ce shi ya fanshi kansa daga aljihunsa. Kowane zato yana da madogara, amma da an matsa shi da tambaya sai ya rushe. In ƙafa ta mutu, me ya sa Fatih Karagümrük ta Turkiyya ta ɗauke shi bayan wata uku kacal? In an biya a ɓoye, wa ya karɓa? In kuma fansar kai ya yi, a hannun wa?

Wannan tambaya ta wuce musun majalisa. Amsarta ta shafi kowane yaro da ke murza leda a filin firamare a Tsafe ko Bunguɗu, da mahaifinsa, da kocin da ke saya masa ruwan leda. Sai dai sawunta ya yi nisa. Sai mun bi ta Saudiyya, mu ratsa Beljiyam, mu ƙetare teku zuwa wani wasa da yawancinmu ba mu taɓa zama mun kalla ba.

Sawu na farko: me ake saye?

Mu fara daga inda ya baro. A watan Agustan 2018, bayan ƙwallo biyun da ya zura wa Iceland a gasar cin kofin duniya a Rasha, Musa ya koma Al-Nassr ta Riyad a kan yarjejeniyar shekara huɗu, ya kuma ci gasar Saudiyya da ita a kakarsa ta farko. A watan Oktoban 2020 sai aka sanar cewa shi da ƙungiyar sun amince su raba gari, alhali wa'adi bai cika ba.

A nan bakin zaren yake. Abin da ƙungiya take biya wa miliyoyi shi ne sauran wa'adin da ke cikin kwantiragin ɗan wasa. Ɗauki ɗan kasuwa da ya kama hayar shago na shekara huɗu a babbar kasuwar Gusau. In wani ya matsu da shagon tun a shekara ta biyu, dole ya sallame shi kafin ya tashi. Ran da haya ta ƙare kuwa, ba shi da sauran abin sayarwa. A dokar FIFA, kwantiragi ba ya wuce shekara biyar, na yaron da bai kai 18 ba kuma ba ya wuce uku. In ya rage wata shida ya ƙare, ɗan wasa yana da ikon ƙulla yarjejeniya da wata ƙungiyar ko tasa ba ta so. Kuma in ɓangarorin biyu suka yarda, suna iya warware shi tun wa'adi bai yi ba.

Leicester ta biya ne domin a 2016 Musa yana ɗaure da takardar CSKA. Pillars ba ta biya ba domin a 2021 babu takardar kowa a wuyansa. Zato na biyu da na uku sun faɗi tare, tunda babu wanda za a biya.

Amma amsar ta haifi wata tambayar. A zamanin da Raccah Rovers ta Kano ta ci gasar ƙasa a 1978, a yawancin ƙasashen Turai ko kwantiragin ɗan wasa ya ƙare ba ya motsawa sai an biya tsohuwar ƙungiyarsa. Wa ya tsinke wannan igiya?

Sawu na biyu: ɗan wasan da ya kai ƙara

Jean-Marc Bosman ba tauraro ba ne. Ɗan wasan tsakiya ne a RFC Liège ta Beljiyam. Da kwantiraginsa ya ƙare a 1990, ƙungiyar ta miƙa masa sabo da albashin da bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na tsohon ba. Ya ƙi sa hannu. Dunkerque ta Faransa ta nuna tana son sa, amma Liège ta ƙi sakin takardar sallamarsa, don tana shakkar ko za a iya biyan kuɗin da ke kansa. Ciniki ya rushe, aka bar shi a tsakiya: ba wasa, ba albashin kirki, ba damar tafiya.

Ya garzaya kotu, aka yi shekara biyar ana fafatawa. Ranar 15 ga Disamba 1995, Kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa neman kuɗi a kan ɗan wasan da wa'adinsa ya cika, in zai koma wata ƙasa a cikin tarayyar, ya saɓa wa 'yancin ma'aikaci na neman aiki inda ya ga dama. A 2001 FIFA ta sake fasalin dokokin musayar 'yan wasa, abin ya game duniya. Ta wannan ƙofa Lionel Messi ya shiga PSG a 2021, ta nan Kylian Mbappé ya fita zuwa Real Madrid a 2024, ta nan Musa ya dawo Kano. Shi kuwa Bosman, shari'ar ta cinye shekarun ƙarfinsa, bai mori itacen da ya dasa ba.

Da nan sawun ya tsaya, da mun tashi. Sai dai shekara ashirin daidai kafin hukuncin Bosman, a watan Disambar 1975, an riga an yi wannan yaƙi an gama a Amurka, a wasan besbol, kuma a can ne aka fi ganin yadda igiyar take ɗaure da yadda take kwancewa.

Sawu na uku: jimla ɗaya a cikin takarda

Besbol wasa ne na mutum tara-tara. Ɗaya yana jefo ƙwallo mai tauri, ɗaya ya doke ta da kulki ya sheƙa yana zagaya tashoshi huɗu. Babbar gasarsa a Amurka da Kanada tana da ƙungiya 30, kowacce tana buga wasa 162 a kaka, a rufe da gasar World Series wajen ƙarshen Oktoba. Da an ɗaga kofi, sanyi ya shigo, sai filaye su yi tsit, kasuwa ta ɗauki zafi: wa zai tafi, wa zai zauna, wane koci za a kora.

Wannan kasuwa ba ta daɗe ba. A 1879 masu ƙungiyoyi suka haɗa baki cewa kowacce za ta keɓe 'yan wasa biyar da sauran ba za su taɓa ba. Sannu a hankali sharaɗin ya hau kan kowa. Yaro ya sa hannu sau ɗaya, ya zama na ƙungiyar har ƙarfinsa ya ƙare. In ta ga dama ta riƙe shi, ko ta sayar, ko ta musanya, ko ta kora. In albashin bai yi masa ba, zaɓinsa ɗaya ne, ya bar wasan. A 1922 Kotun Ƙolin Amurka ta ƙara musu ƙarfi, ta ce dokar hana babakere a kasuwanci ba ta hau kan besbol ba.

A watan Oktoban 1969, St. Louis Cardinals ta musanya Curt Flood zuwa Philadelphia Phillies, bayan ya yi mata shekara 12 sun ci World Series sau biyu. Albashinsa dala 90,000 a shekara, kuɗi mai kauri a lokacin. Ya ce ba inda za shi. Ranar 24 ga Disamba ya rubuta wa shugaban gasar, Bowie Kuhn, cewa shi ba kaya ba ne da za a saya a sayar ba tare da an ji ta bakinsa ba. Magana ce mai nauyi daga bakin Baƙar fata, a ƙasar da aka taɓa yin gwanjon mutane a kasuwa. Shari'ar ta kai Kotun Ƙoli. A watan Yunin 1972 alƙalai biyar suka ƙi, uku suka mara masa baya. Ya sha kaye, wasansa kuma ya ƙare.

To in kotun da babu ta sama da ita ta rufe ƙofa, ta ina aka fita?

Ta hannun wani mutum da bai taɓa buga wasan a matsayin sana'a ba. Marvin Miller masanin tattalin arziki ne da ya ƙware a ƙungiyar ƙwadagon ma'aikatan ƙarfe, kuma a 1966 'yan wasa suka ɗauko shi ya jagoranci tasu. Abu biyu ya yi. A 1970 ya sa masu ƙungiyoyi suka amince cewa in an sami saɓani a kan kwantiragi, ɗan ba-ruwanmu ne zai raba gardama, ba shugaban gasar da su suke naɗawa ba. Na biyu, ya zauna ya karanta takardar da kowa ke sa wa hannu. Jimlar da ta ɗaure mutane kusan shekara ɗari cewa ta yi, in ɗan wasa bai sa hannu a sabon kwantiragi ba, ƙungiya tana iya sabunta tsohon na shekara ɗaya. Masu ƙungiyoyi sun fassara ta da cewa duk sabuntawa tana ɗauke da ikon wata sabuntawar, har abada. Miller ya ce shekara ɗaya tana nufin shekara ɗaya.

Kafin a gwada fassararsa, bango ya tsage ta wani gefen. A 1974 mai ƙungiyar Oakland, Charlie Finley, ya saɓa alkawarin yadda zai biya rabin albashin majefinsa Catfish Hunter, wanda ke karɓar dala 100,000. Mai raba gardama, Peter Seitz, ya ce kwantiragin ya warware. Ƙungiyoyi suka yi ca a kansa, New York Yankees ta ɗauke shi a kan fiye da dala miliyan 3 na shekara biyar. Ranar ce 'yan wasa suka ga tazarar da ke tsakanin abin da ake ba su da ainihin darajarsu.

A kakar 1975, Andy Messersmith na Los Angeles Dodgers da Dave McNally na Montreal Expos suka yi wasa ba su sa hannu a sabuwar takarda ba. Shekarar ta cika, suka kai maganar gaban Seitz. Ranar 23 ga Disamba 1975 ya yanke cewa Miller ke da gaskiya. Masu ƙungiyoyi suka sallami Seitz nan take, suka ruga kotu, kotu ta tabbatar da hukuncinsa. A 1976 aka zauna aka daidaita: duk wanda ya cika shekara shida a babbar gasa kuma kwantiraginsa ya ƙare, kansa nasa ne. Miller bai nemi a saki kowa duk shekara ba, domin ya san in kaya suka cika kasuwa farashi faɗuwa yake yi.

Sawu na huɗu: ina kuɗin ya koma?

In ba a biya tsohuwar ƙungiya ba, kuɗin ba ya ɓacewa, hannu yake sauyawa. A 1975 matsakaicin albashin ɗan besbol bai kai dala 50,000 a shekara ba. Yau ya haura dala miliyan 4. A watan Disambar 2023 Shohei Ohtani, ɗan Japan da ya haɗa gwanintar jifa da ta duka, ya bar Los Angeles Angels ya koma Dodgers a kan dala miliyan 700 na shekara 10. Angels ba ta karɓi kuɗin ciniki ba, sai ƙarin damar zaɓen matashi ɗaya. Abin mamaki, dala miliyan 2 kawai Ohtani yake karɓa a shekara, sauran miliyan 680 za a biya shi daga 2034 zuwa 2043, don ƙungiyar ta sami sararin ɗauko wasu gwanayen. Shekara guda bayan haka Juan Soto ya bar Yankees ya koma New York Mets a kan dala miliyan 765 na shekara 15.

Haka abin yake a ƙwallon ƙafa. Ɗan wasan da ya zo a kyauta shi ne sau da yawa ya fi tsada, domin abin da za a ba tsohuwar ƙungiya shi ake juyawa ya zama kuɗin sa hannu da albashi da ladan wakili.

Sawu na biyar: wata shida a zaune

Saura zato na farko. In 'yanci yana da wannan daraja, me ya zaunar da Musa daga Oktoba har Afrilu babu ƙungiya?

Domin 'yanci ba ya biyan albashi, mai saye ne yake biya. Annobar korona ta rufe filaye a lokacin, ƙungiyoyin Turai suna wasa babu 'yan kallo, kowa ya ɗaure bakin jaka. An yi ta raɗe-raɗin West Bromwich Albion ta Ingila a farkon 2021, magana ba ta ƙullu ba. Ɗan wasan da ba ya buga wasa kuma gurbinsa a tawagar ƙasa yana cikin haɗari. Yarjejeniyar da ya yi da Pillars ta ɗan lokaci ce, ta mayar da shi fili, a watan Yuli kuma ya wuce Turkiyya. Daga can ya koma Sivasspor a 2022, sannan a Oktoban 2024 ya sake dawowa Pillars, nan ma babu kuɗin ciniki.

'Yan besbol sun ɗanɗana irin wannan zama, har ma da mugunta a ciki. Daga 1985 zuwa 1987 masu ƙungiyoyi suka haɗa baki a asirce cewa babu wanda zai taya ɗan wasan wani. Andre Dawson, gwani ne sananne, ya rasa mai taya shi, har ya miƙa wa Chicago Cubs takardar da ya bar gurbin albashi babu komai, ya ce su cike. Suka rubuta dala 500,000, ƙasa da abin da yake karɓa a da. A kakar 1987 ɗin aka zaɓe shi gwarzon gasarsu. Da asiri ya tonu, masu ƙungiyoyi suka biya 'yan wasa diyyar dala miliyan 280 a 1990.

In mai suna irin na Musa ya yi wata shida yana jira, ina ga ɗan wasan gasar cikin gida da aka sallama a ƙarshen kaka yana bin albashi? A nan ma akwai makamin da da yawa ba su san da shi ba. Tun 2018 dokar FIFA ta ce in ƙungiya ta riƙe albashin wata biyu, ɗan wasa ya rubuta mata gargaɗi ya ba ta kwana 15. In ba ta biya ba, yana da hujjar warware kwantiragi ya kuma nemi haƙƙinsa. Amma wanda bai riƙe kwafin takardarsa ba, da me zai kafa hujja?

Masu riƙe da alƙalami

A watan Yulin 2025 labarin ya sake juyawa. Gwamnan Kano, Abba Kabir Yusuf, ya naɗa Ahmed Musa babban manajan Kano Pillars, ya kuma ci gaba da buga mata wasa. Wanda ake miƙa wa takarda ya koma gefen masu miƙawa.

Sauyin shugabanci a lokacin hutun kaka ba baƙon abu ba ne a ko'ina. A watan Nuwamban 2023 kwantiragin Craig Counsell, kocin ƙungiyar besbol ta Milwaukee Brewers, ya ƙare, Chicago Cubs ta sauke kocinta David Ross ta ɗauke shi a kan dala miliyan 40 na shekara biyar. Bambancin shi ne a can wa'adin takarda da sakamakon wasa ne ke motsa kujera. A nan, yawancin manyan ƙungiyoyinmu na gwamnatocin jihohi ne, daga Pillars zuwa Katsina United zuwa Zamfara United ta filin Sardauna a Gusau, wadda ta taɓa fafatawa a babbar gasar ƙasa. Inda kuɗin ƙungiya ke fitowa daga baitulmali, shugabanninta sukan zo su tafi da sauyin gwamnati, sabon shugaba ya zo da sabon koci, koci ya zo da nasa yaran. A irin wannan yanayi, abin da kawai ba ya tafiya da tsohon shugaba shi ne abin da aka rubuta aka sa wa hannu.

Sawu na ƙarshe: kuɗin da ke neman mai shi

Akwai alama ɗaya da muka wuce a farkon tarihin Musa. A kakar 2009 zuwa 2010, yana zaman aro a Pillars daga makarantar ƙwallo ta GBS a Jos, ya ci ƙwallo 18, ya kafa tarihi a gasar Nijeriya. VVV-Venlo ta Holan ta ɗauke shi a tsakiyar 2010, amma bai sami damar buga mata ba sai da ya cika shekara 18 ranar 14 ga Oktoba, domin FIFA ta hana ƙetarar da yaro zuwa wata ƙasa kafin wannan shekara sai da wasu 'yan dalilai. Ke nan tun yana yaro akwai rajista da ke bin sa: ranar haihuwa, inda ya koyi wasa, inda ya yi aro. Wannan rajista kuɗi ce.

Dokar FIFA ta ce duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa yana cikin wa'adi, a ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Ƙungiyar da ta riƙe yaro daga 12 zuwa 15 tana da kashi 1 cikin 100 na dukkan cinikin. A ciniki irin na Leicester, wannan ya kai fam 166,000. Akwai kuma kuɗin horarwa, da ake biya in ɗan wasa ya sa hannu a kwantiraginsa na farko a wata ƙasa, da duk lokacin da ya sauya ƙasa kafin ya wuce 23, ko da wa'adinsa ya cika. Tun Nuwamban 2022 FIFA ta buɗe ofishi a Paris da ke bin tarihin rajistar ɗan wasa ta kwamfuta ya tura wa masu haƙƙi rabonsu. Sharaɗin ɗaya ne: ƙungiyar ta kasance tana da rajista da hukuma, yaron kuma an shigar da sunansa a ƙarƙashinta.

Yanzu zo mu tsaya a bakin fili a Tsafe ko Bunguɗu da la'asar sakaliya. Turakun raga na itace ne, ƙura tana tashi har gwiwa, ƙwallon ta sha faci. Koci yana riƙe da littafin da bangonsa ya yage, a ciki ya jera sunayen yara da karo-karon kuɗin motar zuwa wasa a Gusau. Shi ne mai horarwa, shi ne mai magani, shi ne mai raba faɗa. Matsalar tsaro a hanyar Funtuwa da ta Sakkwato ta sa masu farautar gwanaye ba sa yawan leƙowa, saboda haka duk wanda ya zo da mota mai kyau ya ce yana da hanya, ana ɗaukar maganarsa da hannu biyu. Yakan sami mahaifin yaro a ƙofar gida.

"Baba, ɗanka yana da ƙafa. Akwai gwaji a waje, kuɗin biza da na jirgi kawai za ku nemo."

Dattijo ya juya wajen koci: "Malam, kai ka san shi tun yana ƙarami. Me ka gani?"

Koci ya sunkuyar da kai. Ya yi shekaru yana wahala da yaron, ba ya so a ce shi ya tare masa arziki. "Baba, Allah ya sa alheri ne."

A wannan 'yar magana ake asarar komai. A sayar da gona ko shanu a ba dillali. In yaudara ce, yaro ya ƙare a wata ƙasa babu ƙungiya babu kuɗin dawowa. In ma an dace ya zama wani abu, tarihinsa a kwamfuta zai fara ne daga ƙungiyar da ta fara yi masa rajista a Legas ko Abuja, shekarun Tsafe kuma su zama kamar ba a yi su ba.

Abin da ya kamata koci ya ce ba shi da tsawo. Ina lasisinka na wakilci daga FIFA? Ina wasiƙar gayyata daga ƙungiyar, mu tuntuɓe ta da kanmu? Shekarun yaron sun kai 18? Me ya sa mu za mu biya, alhali ƙungiyar da ke son ɗan wasa ita ke ɗaukar nauyinsa? Kafin duk wannan kuma, tun ran gini tun ran zane, ya kai ƙungiyarsa hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha a yi mata rajista, ya shigar da kowane yaro da ainihin ranar haihuwarsa. Rage shekaru yana iya ba da gurbi a gasar matasa yau, amma gobe shi zai ɓata lissafin haƙƙin.

Zamfara ba ta da uzurin jahiltar wannan hanya. Mutumin da aka zaɓa shugaban Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Nijeriya a birnin Benin ranar 30 ga Satumba 2022, Ibrahim Musa Gusau, daga kujerar shugabancin hukumar ƙwallon jihar nan ya tashi. Kuma rubuta yarjejeniya ba al'adar aro ba ce a wurinmu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi da wa'adinsa a kafa shaidu. Flood ya sadaukar da sana'arsa, Bosman ya sadaukar da tasa, don ɗan wasa ya mallaki ƙafarsa ran da wa'adi ya cika. Wannan haƙƙi ya riga ya tabbata a doka, ya hau kan ɗan Bunguɗu kamar yadda ya hau kan ɗan Madrid. Abin da ya rage aikinmu ne: hukumar jiha ta fita ƙananan hukumomi ta yi wa ƙungiyoyin unguwa rajista a sauƙaƙe, kociyoyi su mayar da littafin karo-karo ya zama rajistar gaskiya, iyaye kuma kada su bari ɗansu ya sa hannu a takardar da ba a karanta musu ba, ba a kuma ba su kwafinta ba.